Yatsa Biyu na Kawu Masao

Litinin, 2 ga Disamba, da yamma

Manaja ya ba ni littafin nan, ya ce in riƙa rubuta jifa nawa na yi kullum. Yau sittin. To na rubuta. Amma takardar ta yi saura da yawa, kuma ba ni da abokin magana a gidan nan, bari in ƙara.

Sunana Sabino, shekarata sha tara. Kwanana huɗu a Koror. Daga tsibirinmu Angaur na zo a jirgin ruwan Alhamis. A aji biyar na tsaya, in rubutun ya karkace a yi haƙuri, ko da yake ba mai karantawa.

Yakiyu ne ya kawo ni, wasan da baƙin otal ke ce wa besbol. Ƙungiyar Ƙaguwa ta ba ƙungiyarmu ta Jemage Minoru, su kuma Jemage suka ba da ni. Musaya ake cewa. Ni ban san ana musayar mutum ba sai da aka yi da ni. Minoru shekara sha ɗaya yana yi wa Ƙaguwa jifa, hotonsa na nan a bangon kantin Inna Dilmei, sama da firjin kifi. Ɗan danginmu ne ta wajen mata, amma ban san shi sosai ba. Ni wasa uku kawai na taɓa yi a gaban jama'a.

Kawu Masao ne ya haɗa abin. Wan Mama ne, ciki ɗaya, kuma shi ne mai cafke na Ƙaguwa, shi ke tsugunawa bayan mai sanda yana nuna wa mai jifa irin wadda zai jefa. Inna Dilmei matarsa ce. A ɗakin bayan kanti suka sa ni. A bakin jirgi Mama ta ce, "Abin da kawunka ya ce, shi ke nan. Kada in ji wata magana." Sai ka ce ban sani ba. Wa yake musu da wan uwarsa?

Talata, 3 ga wata, da tsakar rana

Akwai rumfa a gaban kantin, benci biyu da tebur. Tun ƙarfe tara suke zuwa. Akwai Rubak Temengil, dattijon unguwa, ba haƙori a gaba. Akwai Isao direban tasi, wanda har yau ban ga ya ɗauki fasinja ba. Sai wasu uku da ba sa magana, dariya kawai suke tayawa. Su tauna goro da ganye da farar hoda, su tofa jan yawu a gwangwani, su yi magana ɗaya tun safe: wa zai yi jifa a kakar bana.

Masu jifa uku ake jerawa, ana karɓa-karɓa. Na ɗaya Kazuo, na biyu Ililau, waɗannan ba gardama. Na uku ne rigimar, ko ni ko Benhart ɗan Isao. Ranar 21 za a yi wasan gwaji da Jemage, daga nan manaja ya liƙa suna. In Benhart bai shiga ba, benci zai zauna. Ni in ban shiga ba, jirgi ne, don ba zaman benci Kawu ya kawo ni ba.

Na fito da buhun shinkafa zan wuce, Isao ya ce, "Rubak, ga shi nan. Abin da muka samu ke nan a kan Minoru."

Rubak ya dube ni daga ƙafa har kai. "Ina sauran?"

"Sauran me?"

"Sauran yaron. Ko rabi suka aiko, rabin sai jirgi na gaba?"

Suka yi dariya. Na gaishe su kamar yadda aka koya mini. Isao ya ce, "Kai, wai gaskiya ne da jifan birai ka koya?"

Na ce gaskiya ne. Ai gaskiyar ce. Birai na shiga gonar rogon Mama, tun ina shekara shida nake korar su da dutse. Ban ga abin dariya ba, amma ɗayansu har sai da ya ƙware da goro.

"To nan masu sanda ne," in ji Isao, "ba sa hawa bishiya."

Jifa saba'in.

Laraba, 4 ga wata, bayan atisaye

In Kawu ya nuna yatsa ɗaya, miƙaƙƙiya zan jefa. Yatsa biyu, mai lanƙwasa. In mai jifa bai yarda da wadda aka nuna masa ba, sai ya girgiza kai, mai cafke ya sake wata. Kazuo yana girgiza wa Kawu kai har da tsaki. To shi ba danginmu ba ne, kuma 'ya'yansa huɗu. Ni gira nake ɗaga masa, wato to.

Kawu ya ce, "Miƙaƙƙiyarka ta isa biri, ba ta isa mutum mai ido ba. Unguwar nan mai lanƙwasa ta sani. Da ita Minoru ya ciyo mana kofi uku. Kafin 21 za ka iya ta."

Ya kama mini wuyan hannu ya nuna. A murɗa a ƙarshe, kamar ana murɗe wuyan kaza.

Yatsa ɗaya: 30. Yatsa biyu: 40. Hannuna lafiya.

Alhamis, 5 ga wata, da yamma

Biyu: 55. Hannuna lafiya lau. Zafi ake yi a garin nan, shi ya sa na ɗebi ƙanƙara a firjin kifi.

Asabar, 7 ga wata, da hantsi

Yau gardamar wai masu jifa uku sun yi kaɗan, a mai da su huɗu. Isao ne ya kawo, kowa ya san dalili. Rubak ya ce shirme ne, a zamanin babansa mutum ɗaya ke jifa safe da yamma, ba takalmi, ya gama ya tafi su.

"Shi ya sa duk suka mutu da wuri," in ji Isao.

"Ubanka ne ya mutu da wuri, nawa ya kai tamanin."

Daga nan suka dawo kaina. Ina goge tebur a gabansu, amma suna magana kamar ina Angaur. Isao ya ce da manaja na da hankali, da injin kwalekwale ya karɓa a kan Minoru, ko tsoho ne. Wani ya ce ko injin yankan ciyawa, filin ma ya amfana. Rubak ya ce a'a, kada a zalunci yaron, ai yana goge tebur da kyau.

Na shiga ciki na tambayi Inna Dilmei ko Isao ya taɓa wasa. Ta ce sau ɗaya, suna makaranta. Ya samu ya bugi ƙwallo, murna ta kwashe shi, ya ruga ta hagu maimakon ta dama, har ya kai ya tsaya yana ɗaga wa mutane hannu. Tun ranar ba a sake ba shi sanda ba.

Wannan ne ke raba masu jifa a garin nan. Mutumin da bai san hanyar gudu ba. Cikinsa ma sai ya matsar da kujerar mota baya kafin ya shiga.

Biyu: 55.

Lahadi, 8 ga wata, bayan coci

Na yi alamar gicciye da hagu, tsohuwar da ke gefena ta harare ni. Mantuwa ce.

Talata, 10 ga wata, da safe

Kofin shayi ya suɓuce mini ya fashe. Santsi gare shi.

Inna Dilmei ta share, sai da ta gama ta ce, "Miƙe hannun nan in gani."

Na ce, "Lafiya lau, Inna."

"Ban tambaye ka ba, miƙewa na ce."

Na ce ana jirana a fili. Ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallona. Ta ce, "Ni aure ne ya kawo ni gidan nan, ba ni da baki tsakanin mutum da ɗan ƙanwarsa. Amma ƙanƙarar kifina kake ƙararwa, kifin har ya fara wari."

Ban gane me take so in ce ba. Na ce zan rage ɗiba.

Laraba, 11 ga wata, bayan atisaye

Benhart ya miƙo mini lemo. Na ɗauka tsiya ce, ashe ba tsiya ba ce. Shekarunmu ɗaya, ƙato ne, jifansa ba sauri amma yana zuwa inda ya aika shi. Ya ce, "Kada ka damu da babana. Shi yake son abin, ni gyaran inji nake so." Ya ce baban har takarda yake ajiyewa a mota, ya rubuta sunayen masu jifa ya soke, ya sake rubutawa.

Na ce, "To ka gaya masa mana."

Ya ce, "Kai kana gaya wa kawunka?"

Biyu: 60. Lafiya.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe huɗu

Kawu ya aike ni tashar jirgi in karɓo rogon da Mama ta aiko. Ina tsaye wani ya sauko, na gane shi da hoton bango. Minoru. Ya fi hoton tsufa.

Ya ce, "Kai ne aka saya da ni?"

Na ce, "Musaya aka ce, Yaya."

Ya yi dariya. Ya sunkuya zai ɗauki akwatin kifi, da hagu ya ɗauka. Na daman yana nan a tanƙware a gefen cikinsa kamar ya rungumi wani abu, alhali ba komai a ciki. Ya ga ina kallo, bai ɓoye ba.

"Nawa ya nuna maka jiya?"

Na ce sittin.

"Ni da arba'in ya fara."

Muka zauna a kan igiyoyi. Ya ce ba korar sa aka yi ba, shi ya roƙi manaja a sake shi. A Jemage ba jifa zai yi ba, tsaron ɗaya daga gidajen da masu gudu ke tsayawa zai yi, ya riƙe sanda in an zo kansa. Ya ce ko cokali da hagu yake kaiwa baki shekara biyu ke nan, ba wanda ya lura a rumfar nan.

Na ce, "Me ya sa ba ka girgiza masa kai ba?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ruwan teku ke da gishiri. "Ai ni ma kawu nake ce masa."

Ya tashi. Ya ce, "Ba mugu ba ne. Shi dai abin da ya ciyo masa kofi ya sani. Ni kuma ban ce maka komai ba, rogo ka zo karɓa."

Juma'a, 13 ga wata

Ba zan rubuta komai ba yau. Biyu: 60.

Asabar, 14 ga wata, da yamma

Yau ƙwallon ta lanƙwasa. Ta tafi kamar za ta bugi kafaɗar mai sanda, ya kauce, ta faɗo cikin safar hannun Kawu. Sau bakwai a jere. 'Yan rumfa duk sun zo sun jingina da waya suna kallo. Na ji Rubak ya ce, "Ta fara kama da ta Minoru."

Da muka dawo Rubak ya buɗe jakarsa ya miƙo mini goro. A gaban kowa. Na karɓa da hannu biyu, dole ma da biyun. Na ji daɗi. Na ji haushin kaina da na ji daɗi.

Sai ga maganar ta juya. Wanda ya ce injin yankan ciyawa shi ne ya ce tun ranar farko ya ga yaron nan yana da kafaɗa. Rubak ya ce dama Minoru ya ƙare, bara ma ƙwallonsa kamar tsohuwa ta wurga gwaza, manaja ya yi dabara da ya rabu da shi. Wani ya ce ai butulu ne, unguwa ta yi masa suna ya gudu. Sati biyu da suka wuce mutanen nan kamar su yi kuka a kansa. Shekara sha ɗaya. Har wani ya ce Inna ta cire hoton a sa kalanda. Ta ce bangonta ne.

Isao kawai bai juya ba. Ya ce atisaye daban, wasa daban, biri ma yana iya tsayawa da ƙafa biyu in ba kowa. Na fi ganin girmansa yau a kan sauran, shi aƙalla ƙiyayyarsa tana nan inda ya ajiye ta.

Ba su san komai ba. Bakinsu ja, idonsu a kan ƙwallo, ba wanda ya kalli abin da ya jefo ta.

Biyu: 65. Ƙanƙara ta ƙare, na sa kifin kansa.

Litinin, 16 ga wata, bayan cin abincin rana

Na sami Kawu a bayan gida yana ɗinke safarsa. Na yi niyya tun safe, har na haddace abin da zan ce. Na durƙusa a gefe.

Kafin in buɗe baki shi ya fara. Ya ce shekararsa arba'in da ɗaya, gwiwoyinsa in ya tsuguna sai ya dafa ƙasa yake tashi, wannan ce kakarsa ta ƙarshe. Ya ce manaja bai so musayar ba, shi ya tsaya, ya ce in ɗan ƙanwarsa bai yi ba ya ajiye safa a ranar. Ya ce lokacin da babana ya rasu shi ya ɗauke ni a kafaɗa har maƙabarta, ina ta cafkar kunnensa. Ban san wannan ba.

"Gidanmu ne ke riƙe da tudun jifa na unguwar nan tun kakana. Ba zan tashi in bar wa ɗan direban tasi ba."

Na ce, "Kawu."

"Me?"

Na ce, "Ba komai. Zaren ne ya faɗi."

Biyu: 65.

Laraba, 18 ga wata, da safe

Na yi waya da Mama. Ta ce, "Kana jin maganarsa?" Na ce ina ji. Ta ce birai sun gane ba na nan, yanzu har da 'ya'yansu suke zuwa gona, wani ma a kan kututturen da nake zama yake zama. Na yi dariya. Ta ce muryata ta canza. Na ce layi ne.

Alhamis, 19 ga wata

Maɓallin riga ya gagare ni. Rigar ce.

Juma'a, 20 ga wata, da yamma

Hutu yau, ba jifa. Kanti ba kowa, na tsaya gaban gilashin firji na gwada girgiza kai. Dama, hagu. In ni kaɗai ne yana yi. Da na sa fuskar Kawu a raina sai wuyan ya ƙi, girar ce take ɗagawa da kanta.

A rumfa suna ta jera sunaye. Kazuo, Ililau, ɗan birai. Kazuo, Ililau, Benhart. Wani ma ya ce a sayo mai jifa daga Guam. Da me, da gwangwanin yawu?

Gobe.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe biyar

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban manta ba, ko da yake ba na jin zan manta.

Fili ya cika, har a kan motoci mutane suke zaune. Zagaye uku aka ba ni, uku Benhart. Ni na fara. Na farko na fitar da masu sanda ukun da ake buƙata kafin zagaye ya ƙare, ba wanda ya taɓa ƙwallo. Na biyu ma haka, sai ɗaya da ya buga ta tafi hannun mai tsaron fili. Kusan duk yatsa biyu ne. Ina jin muryar Rubak yana cewa, "Kun gani? Kun gani?" kamar shi ya haife ni.

A zagaye na uku, jifa na huɗu, wani abu ya yi ƙas. Ba ƙwallon ba ce, ba kuma safar Kawu ba. Na duba yatsuna biyu na ƙarshe, suna nan, amma ban ji su ba.

Daga nan ƙwallon ta daina jin magana. Mutum biyu suka shige, suna tsaye a gidajen da ake zagayawa da gudu, suna jiran a buga su ƙarasa su ci mu. Na samu na fitar da biyu da ƙyar. Saura ɗaya in sauka. Mai shigowa da sanda Minoru ne.

Kawu ya tsuguna. Ya sauke yatsa biyu.

Na kalli yatsun. Na kalli Minoru, yadda ya riƙe sandar, gwiwar hannun nan a manne da ciki.

Na girgiza kai.

Kaɗan na yi, amma filin nan kowa ya san wane ne wan uwar wane. Surutun ya mutu daga wannan gefe har wancan. Na ji kukan wani jariri daga can bayan motoci.

Kawu ya ɗauka ƙuda na kora. Ya sake sauke biyu, a hankali, don in gani da kyau.

Na sake girgizawa.

Ya dafa ƙasa ya tashi. Ya cire abin fuskarsa, ya tako har tudu. Minoru ya koma gefe ya sunkuya wai yana ɗaure igiyar takalmi, igiyar da take a ɗaure.

Kawu ya ce, "Ni ka girgiza wa kai?" A hankali ya faɗa.

Na ce, "Kawu, miƙaƙƙiya kawai. Don Allah."

"A gaban unguwa."

Na ce, "Don Allah."

Bai tambaye ni dalili ba. Da ya tambaya da na faɗa, wallahi da na faɗa. Ya ce, "To jefa wadda birai suka koya maka." Ya koma ya tsuguna, ya sa hannunsa a baya, ba yatsa ko ɗaya. Safa kawai ya buɗe.

Na jefa uku, duk miƙaƙƙu. Na tuna kututturen gona, na ga babban birin nan a kai. Minoru ya kai sanda sau uku, bai taɓa ko ɗaya ba. Ban sani ba ko da gangan ya yi. Da zai fita ya ɗaga mini gira.

Ba wanda ya tafa. Benhart ya hau, aka buga jifansa biyu suka tsallake shinge aka ci mu, duk da haka aka yi masa tafi da ya gama.

Kawu bai dawo gida tare da ni ba.

Lahadi, 22 ga wata, da yamma

An liƙa takarda a jikin kanti. Kazuo. Ililau. Benhart.

Manaja ya kira ni gefe, yana ta kallon takalminsa. Ya ce jifa dai na fi, wannan ko makaho ya gani. Amma dattawa sun zauna bayan coci, Rubak ya ce yaron da zai girgiza wa kawunsa kai ba zai hau tudun unguwar nan ba, ko da wuta yake jefawa. Ya ce shi manajan ƙungiya ne, ba manajan unguwa ba.

A rumfa abin ya zama biki. Rubak ya ce tun ranar da ya ba ni goro ya ga ban iya karɓa ba. Mai maganar injin ciyawa ya ce shi dama kafaɗar kawai ya yaba, bai yabi hali ba. Sun mai da Minoru kan kujerarsa, wai shekara sha ɗaya bai taɓa motsa wuya ba, wannan shi ne ɗan halak. Isao ya saya wa kowa lemo.

Tun jiya suke kan wuyana. Ba wanda ya ce me ya sa.

Kawu ya ce a gaya mini, ta bakin Inna, ya yi wa Mama waya. Tana zuwa gobe a jirgin Kirsimeti.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe uku

Mama ta zo da kwandon gwaza, manya-manya, waɗanda take ajiyewa don biki. Na ban haƙuri ne. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ajiye kwandon a gaban Kawu a tsakar gida, ta zauna a ƙasa. 'Yan rumfa sun matso da benci kusa da taga, wai rana ce ta kore su.

Ta ce, "Yaya, na kawo kaina. Ni na haifa, ni na kasa." Ta juyo. "Kai, zo ka miƙa wa kawunka kwandon da hannunka."

Na sunkuya na kama da hagu.

"Da hannu biyu, mara kunya."

Na kai na daman. Bai kai ba. Ya tsaya a hanya.

Inna Dilmei tana bakin ƙofa, ta ce, kamar da bango take magana, "Ni dai ba ni da baki. Firjina ne ba ƙanƙara sati biyu."

Mama ta tashi. Ta kama hannun ta naɗe rigar. Na daɗe ban bari ko ni kaina na kalle shi da rana ba. Gwiwar ta yi kamar gwazar da ke kwandon. Ta ja a hankali za ta miƙar, na yi wani sauti, ban san daga ina ya fito ba.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce tun sati na farko.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Na ce, "Ke kika ce kada ki ji wata magana."

Ta juya ta kalli wanta. Ban taɓa ganin ta kalle shi a ido ba. Ta ce, "Hannu biyu na ba ka shi, Yaya."

Kawu ya buɗe baki. Ya kalli hannun, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Minoru bai taɓa cewa..." sai ya tsaya. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Mama ta sunkuya ta ɗauki kwandonta, ta ɗora a kai. Ta ce in haɗa kayana. Da muka fito ta gaban rumfa ta tsaya ta ce, "Sannunku da aiki." Rubak yana ta neman wani abu a jakarsa.

Talata, 24 ga wata, a cikin jirgi

Da hagu nake rubuta wannan, shi ya sa layin ke hawa tudu. Likita ya naɗe na daman da safe, ya ce wata shida kada in jefa ko ƙwallon mangwaro, bayan nan a gani. Birai sun huta.

Kawu bai fito ba. Amma na tarar da tsohuwar safarsa a cikin jakata, wadda ya ɗinke. Ban san me yake nufi ba. Ban mayar ba.

Tasin Isao ce ta kai mu tasha, ita kaɗai ce a unguwa. Yau dai na ga ya ɗauki fasinja. Tun daga ƙofar kanti yake magana. Wai Kazuo ya tsufa, Ililau malalaci ne, kafin Ista Benhart ne na ɗaya. Wai manaja ya roƙi Kawu kada ya ajiye safa, shi kuma Isao zai je ya sami Kawun bayan biki ya damƙa masa Benhart, ya ce ɗanka ne, ka koya masa mai lanƙwasar nan, ko sittin ne a rana.

Na ce, "Baba Isao, kafin ka je, ka sa Minoru ya miƙe maka hannunsa ka gani."

Ya kalle ni ta madubi. "Ji mini yaro. Ɗan birai ne zai koya mini yakiyu?"

Mama ta taɓa mini gwiwa, in yi shiru. Na yi.

Da ya tsaya, ya sauke mana kwandon, ya tofar da goro, ya ce, "Amma tsakani da Allah, kai da ka gan shi a fili. Benhart zai kai inda Minoru ya kai, ko?"

Na girgiza masa kai. Abin ba wuya yanzu.

Ya ɗauka hassada ce. Na bar wa Inna saƙo ta ba Benhart littafin nan in na aiko da shi a jirgin Alhamis. Ya fi ni karatu, zai gane lambobin.

Hannuna ba lafiya. Ɗaya: babu. Biyu: babu.